Buhunan Malam Sixten

A garinmu Ekhult idan ka ce "Malam" ka yi shiru, to Sixten Rydell kake nufi. Shi ya koyar da ilimin sinadarai a sakandaren gundumarmu har ya yi ritaya, kuma shi ya kayar da ni a jarrabawa ina 'yar shekara goma sha biyar. Sunana Ulrika Brandt, ni ke tuƙa motar 'yan makaranta. Ba zan ce muku mutum ne mai sauƙin kai ba. Wanda zai maido wa yaro takardarsa da sifili don kawai ya manta rubuta "giram" a bayan lamba, ina shi ina sauƙi? Amma ɗan abin da nake taƙama da shi a yau, a teburin kicin ɗinsa na samo shi, kuma na daɗe ban san dalilin da ya sa ya ba ni ba.

Ubansa mai hura narkakken gilas ya zama kofi ne a masana'antar da ke bakin hanya, wadda yanzu ta koma shagon sayar wa baƙi kofuna. Uban ya so ɗan ya gaje shi, ɗan ya ƙi, ya tafi birni karatu. Kowa ya ɗauka ya tafi ke nan, don wanda ya bar Ekhult da littafi a hammata ba a sake ganinsa sai da Kirsimeti. Shi kuwa sai ga shi ya dawo da akwati ɗaya, ya auri Dagny ta gidan waya, ya kama koyarwa. Ba su haihu ba. Mutanen gari sukan ce tafki ne ɗansa. Gwaggo Dagny takan ce, "Ɗan da bai taɓa kawo wa uwarsa ko fure ba."

Tafkin Lommen ake nufi, wanda ke bayan coci. Jatan landen cikinsa su ne abin alfaharinmu. Duk watan Agusta sai an jera tebura a bakin ruwa, an rataya fitilun takarda, manya da hankalinsu su kafa hular takarda suna tsotsar ɓawo suna waƙa da muryar da ba ta dace da waƙa ba. Lokacin da nake ƙarama, hayaƙin masana'antun hayin teku ya riƙa sauko mana cikin ruwan sama, ruwan tafkin ya yi tsami. Ya yi garau, kana hango dutsen ƙasa, baƙi na ta yaba kyansa, alhali mutuwa ce ta wanke shi. Jatan landen da suka rage ɓawonsu ya koma kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Malam ne ya tara ƙungiyar masunta ya ce a zuba wa tafkin garin dutsen alli, ya kashe tsamin. Tun daga nan abin ya zama al'ada. A watan Maris, ƙanƙarar saman tafkin na da ƙarfin ɗaukar mutum, sai a fito gari guda a barbaɗa garin a kanta. Idan ta narke, ta sauka da shi. Sai dai abin na da kaifi biyu: in garin ya yi kaɗan tsami ya kashe jatan landen, in ya yi yawa shi ma ya ƙone su. Malam kaɗai ke ɗiban ruwa a kwalba, ya auna tsaminsa, ya ce buhu kaza. Ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake yi. Ana kallon abin ne kamar yadda ake kallon limamin coci in ya buɗe littafi.

Wata ranar kaka, bayan ya daɗe da ritaya, na tarar da shi tsaye a tsakiyar hanya ya ɗaga sanda. Na taka birki, na zuge taga.

"Malam, motar yara ce, ba ta tsofaffi ba."

"Brandt," in ji shi. Haka yake kiran duk wanda ya koyar, da sunan uba, kamar mai kiran sunaye a aji. "Ranar Laraba in kin sauke waɗannan 'yan iskan, ki biyo ta gidana. Za mu ƙarasa abin da kika kasa."

"Abin da na kasa shekara ashirin da suka wuce?"

"Ai bai ruɓe ba."

Yara na ta dariya a baya. Na ce masa ba ni da lokaci. Ranar Laraba kuma na je. Na gaya wa kaina cewa gulma ce ta kai ni, ina so in ji abin da tsohon ke nema, don ruwa ba ya tsami banza.

Na tarar da dozin ƙwai a kan tebur da dozin dankali a gefe, da sikelin Gwaggo Dagny na auna fulawa. Ita tana zaune kusa da murhu tana saƙa.

"Wanne ya fi yawa?" ya tambaye ni.

"Ɗaya suke. Sha biyu sha biyu."

"Wanne ya fi nauyi?"

"Dankali mana. Malam, don wannan ka tare mini hanya?"

"Don wannan kika faɗi jarrabawa. Zauna."

Gwaggo Dagny ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Tsoho, in ka fasa mini ƙwai ɗaya, kai za ka kwanta a kansa ka ƙyanƙyashe wani."

"Tsohuwa, kimiyya ake yi."

"A kicin ɗina girki ake yi. Ulrika, ɗauki burodin kirfa, shi ba zai ce ki ɗauka ba."

Ranar ya gaya mini abin da na yi shekara guda a ajinsa ban ji ba. Ya ce ƙwayoyin da abubuwa suka ƙunsa ba sa faɗa kilo da kilo, ƙwaya da ƙwaya suke karawa. Ƙwayar alli ɗaya tana kashe ƙwayar tsami biyu. To amma sun yi ƙanƙanta, ba mai iya ƙirga su, shi ya sa masana suka yi nasu dozin ɗin, suka kira shi mol. Adadi ne guda wanda ba ya sauyawa, mai yawan da ko faɗinsa ɓata baki ne. Mol ɗaya na gishiri da mol ɗaya na sukari yawan ƙwayoyinsu ɗaya, nauyinsu ne ya bambanta, kamar ƙwan nan da dankalin nan. In ka san nauyin mol ɗaya na abu, sikeli ya zama mai ƙirga maka abin da ido ba ya gani.

Ya tura mini fensir. "Garin dutsen da muke zuba wa tafki. Kalsiyam ɗaya, nauyinsa arba'in. Kabon ɗaya, sha biyu. Oksijin uku, kowanne sha shida. Haɗa."

Na haɗa. "Ɗari."

"Ɗarin me? Ɗarin shanu?"

"Giram ɗari a mol ɗaya."

"To. Ashe kan ba ado ba ne."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Mace mai shekara talatin da biyar, wadda ta riga ta yarda cewa ita ta sitiyari ce kawai, sai ga ƙofa ta buɗe da dankali. Na koma gida na juya kwalin hodar burodi ina karanta abin da ke ciki, ina haɗa nauyi. Mijina ya ce in na fara auna masa gishirin miya da mol zai koma gidan uwarsa.

Haka muka yi duk lokacin sanyi. Daga giram zuwa mol, daga mol zuwa giram. Daga baya ya kai ni bakin tafki, ya sa na huda ƙanƙara na ɗebo ruwa, na ɗiga masa magani har ya sauya launi, na lissafa mol nawa ne na tsami a lita, sannan a tafkin gaba ɗaya, sannan buhu nawa ke nan. Kafin kowane lissafi sai ya ce in fara faɗin inda amsar za ta nufa, sama ko ƙasa, tukuna in taɓa fensir.

Ni kuwa ban daina bincikensa a raina ba. Da farko na ce nadama ce, yana so ya wanke sifilin da ya ba ni. Amma mai nadama ba ya kiran mutum "kan kabewa". Sai na ce kaɗaici ne, mutum ba ɗa ba jika. Amma bai taɓa tambayata lafiyar 'ya'yana ba, ban ma tabbata ya san ina da su ba. Matan shagon gari sun ce tsufa ne ya zo masa da gardama, ya ga 'yar mace. Da sun ga yadda yake harar lambar bakwai in na rubuta ta a takarda da ba su faɗa ba. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi ma'ana ba: fensirin nan bai taɓa komawa hannunsa ba. In na gama, sai ya ce in sake bi da baki, yana sauraro ido a rufe. Na ɗauka salon koyarwa ne.

A farkon shekara wani kamfanin gine-gine na garin maƙwabta ya rufe, aka ba ƙungiyar masunta kyautar farar ƙasar magina, buhu ɗari uku. Helge Wik, tsohon mahauci wanda ke shugabantar ƙungiyar, ya yi ta yawo yana ba da labari kamar shi ya haƙo ta. Fari dai fari ne a wurinsa. Buhunan ma nauyinsu ɗaya da waɗanda muka saba.

Ranar zuba gari ta zo da rana mai haske. An hura wuta a bakin tafki ana gasa soses, niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa a hanji, mata sun jera filas ɗin gahawa, tarakta ta kawo buhuna an jibge. Al'ada ce kafin a fara, Helge ya cire hula ya ce, "Malam, nawa bana?" Malam ya faɗa, a tafa, a kama aiki.

Ni na san amsar garin dutse, don ni na lissafa ta a kicin: buhu ɗari biyu. Abin da ban sani ba sai da na ga buhunan shi ne an sauya kaya. Malam ya duƙa ya karanta jikin buhu ɗaya, ya daɗe. Ya miƙe, leɓensa na motsi.

"Wannan ba irin namu ba ne," in ji shi. "Sai an gyara lissafi. Ɗari biyu da saba'in."

Aka tafa. Helge ya ce, "Kun gani? Har da saura. Ku ɗauka, samari!"

Na matsa na karanta buhun da kaina. Kalsiyam ɗaya, arba'in. Oksijin biyu, talatin da biyu. Haidurojin biyu, biyu. Saba'in da huɗu. Ƙwayarta ta fi ta garin dutse rashin nauyi, ke nan buhu guda ya fi ƙunsar ƙwayoyi, kuma kowace ƙwaya tsami biyu take kashewa kamar waccan. Amsar ƙasa za ta yi, ba sama ba. Malam ya kifa lissafin, ya sa ɗari a inda saba'in da huɗu za ta zauna. Kuskuren ɗan aji ɗaya ne, wanda ya sha zagina a kansa.

Samari har sun fara ɗora buhuna a kan katakon da ake ja bisa ƙanƙara. Na dubi Gwaggo Dagny. Ita ma ni take kallo, filas a hannu, ba ta zuba ba.

"Ku dakata!" na ce. Muryar da nake tsawata wa yara da ita ce ta fito. "Ɗari da arba'in da takwas ne."

Helge ya juyo yana dariya. "Ulrika, nan ba tashar mota ba ce. Yau kuma direba ce za ta gyara wa Malam?"

Wani ya ce, "Ita da ta faɗi jarrabawarsa! Ajinmu ɗaya, ni shaida ne."

"Kai da ka ci, zo ka lissafa," na ce masa. Ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi.

Fuskar Malam ta yi ja. Na san wannan jan tun ina aji. "Brandt," in ji shi a hankali, "kina cewa na yi kuskure?"

"E, Malam. Ka kifa shi."

Ya miƙo mini sandarsa. "Rubuta."

Na rubuta a kan dusar ƙanƙara da manyan lambobi, ina faɗa da baki yadda ya saba sa ni. Ɗari biyu sau saba'in da huɗu, a raba da ɗari. Na ƙara da abin da shi ya taɓa gaya mini, cewa farar ƙasar magina ba ta narkewa sannu-sannu kamar garin dutse, lokaci ɗaya take sakin zafinta. In aka zuba ɗari biyu da saba'in, kusan ninkin abin da ruwan ke buƙata, a watan Agusta sai dai mu tsotsi yatsu. Na ce ko ɗari da arba'in da takwas ɗin kada a zuba gaba ɗaya. A sa rabi a tsakiyar tafki, nesa da duwatsun baki inda jatan lande ke kwance, sauran a bari sai ƙanƙara ta narke an sake auna ruwan.

Malam ya tsaya a kan rubutun. Ina kusa da shi, ni kaɗai na ga idonsa. Ba bin lissafin yake yi ba. Yana kai wa lamba ta biyu sai ya koma ta farko, kamar mai neman ƙofa a ɗakin da ya kwana cikinsa shekara da shekaru. A nan na gane abin da ya hana shi riƙe fensir.

Ya ɗago ya dubi Helge. "Abin da ta faɗa shi za a yi."

"Amma Malam, kai ka ce…"

"Na ce, ta gyara. Baɗi ma ita za ka cire wa hula. Kai dai ka je ka juya soses ɗinka, suna ƙonewa."

Aka yi yadda na ce, ana gunaguni. Helge ya fi kowa jin zafin buhunan da za su yi saura, har ya ce zai shafe garejinsa da su. Ni kuwa daga ranar har bazara ban sami natsuwa ba. In jatan landen suka mutu, ba za a ce farar ƙasa ba ce, za a ce direba ce. Da ƙanƙara ta narke na auna ruwan, na sa aka ƙara kaɗan daga sauran. A farkon Agusta muka jefa tarkon gwaji, muka ɗago shi da safe yana ta motsi. Manya baƙaƙe masu taurin ɓawo, har da ƙanana 'yan bana. Helge ya ɗauki ɗaya, ta dantse shi a yatsa, ya yi ashar, sannan ya ce, "To, ba laifi," ya ƙi kallona.

Washegarin bikin jatan lande na je mayar wa Gwaggo Dagny da tukunyarta. Malam na lambu yana kallon bishiyar tuffa. Na tambaye ta abin da ke cina.

"Gwaggo, da gangan ya yi kuskuren nan don a ji muryata?"

Ta yi wata 'yar dariya. "Sixten? Ya yi kuskure da gangan a gaban Helge Wik? Gara ya cinye hularsa. Kuskuren na gaske ne, 'yar nan. Tun bara lambobi suka fara zame masa. Likita ya gaya mana sunan abin, shi ya hana a faɗa. Ya san wata rana zai kifa lissafi, ranar ce bai sani ba. Shi ya sa ya je ya tare miki hanya."

"To me ya sa ni? Ya koyar da injiniyoyi, har da mai haɗa magunguna."

"Suna ina?" Ta karɓi tukunyar ta leƙa ciki ko na wanke. "Masu ƙwaƙwalwar duk suna Gothenburg da Stockholm. Ya ce yana son wanda ba inda za shi."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Na so a ce wani abu ya hango a kaina tun ina yarinya. Ashe ba ni ya duba ba, tafki ya duba, ya nemi wadda ke daure da garin nan kamar akuya da turke.

"Kin ɓata rai," in ji ta. "Saura ɗaya. Ya ce duk shekarun da ya yi a aji, mutum ɗaya ya taɓa tashi ya ce masa ƙarya yake, a kan wata amsa. Ke ce. Ke kika yi kuskure ranar, ba shi ba, amma kin tashi. Ya ce waɗanda suka ci jarrabawarsa, ko ya ce musu buhu dubu tafa masa za su yi."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ba ƙauna ce ta sa ya zaɓe ni ba, lissafi ya yi, irin wanda ya iya, tun kan yana tare da shi. Amma na tambayi kaina, mutum nawa ne za su ji ƙwaƙwalwarsu na tsiyaya, su tashi da ƙafarsu su je su horar da wanda zai ƙaryata su a gaban jama'a? Yawancinmu riƙe kujerar za mu yi har ta karye da mu. Shi girman kansa ya fi na kowa a Ekhult, kuma ya san ainihin abin da zai ji ranar, ya shirya mata duk da haka. Ni kuma ko don me aka buɗe mini ƙofar, na dai shiga, kuma ba mai fitar da ni.

Ya rayu 'yan shekaru bayan nan. A ƙarshe ya manta sunan tafkin, ya manta nawa. Na ci gaba da zuwa ranar Laraba, Gwaggo Dagny ta samu ta je shago ta huta. Nakan zauna in yi lissafin ruwan a gabansa ina faɗa da baki, shi yana sauraro ido a rufe, wani lokaci ya yi barci. Ranar jana'izarsa injiniyoyin sun zo daga birni da manyan furanni, suka yi jawabai masu daɗi, suka kama jirgin yamma. Ni ban yi jawabi ba, don ƙarfe uku na yi, na fita na je ɗauko yara.